Malam Ya Tafi, Haƙƙinsa Na Wuyanmu

Duk ranar da aka ce wani tsohon malamin makaranta ya riga mu gidan gaskiya, shaidar da mutane ke yi masa kusan iri ɗaya ce a ko'ina. Za ka ji an ce mutum ne da ya riƙe aikinsa da gaskiya, ya kula da iyalinsa, ya kuma ji tsoron Allah. Tsofaffin ɗalibansa su cika shafukan sada zumunta da hotonsa, kowa na faɗin abin da ya koya masa da abin da ya hana shi. Ba na shakkar wannan shaida ko kaɗan. Yabon gwani ya zama dole, kuma da yawa daga masu yin ta da hawaye suke yi. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne a nan maganar take ƙarewa. Kafin mako ya zagayo hoton ya nutse a ƙarƙashin wasu labaran, iyalinsa sun koma ga abin da ya bar musu, makaranta kuma tana neman wanda zai karɓi ajinsa, in ma an samu. Ni a ganina tunawa da irin wannan mutum ta wuce al'amarin gidansa. Al'umma ce ta ci moriyarsa shekara da shekaru, wahalar da ta haifar da moriyar kuwa shi da matarsa da 'ya'yansa suka sha ta. Wanda aka yi wa haka, yabo kaɗai ba ya sauke haƙƙinsa.

Na san wani malami irin wannan, Allah ya jiƙansa da rahama. Ba zan kama sunansa ba, domin iyalinsa suna nan da rai, shi kansa kuma bai taɓa son a riƙa ambatonsa ba. A firamare ya koyar har ya yi ritaya, yawanci a ƙananan azuzuwa, inda ake koya wa yaro haɗa baƙi da wasali. Malamai da yawa suna gudun waɗannan azuzuwan saboda hayaniya da gajiya, shi kuwa nema yake yi a bar shi a can. Yana da wani ɗan ƙaramin littafi da ba ya rabuwa da aljihunsa, a ciki yake rubuta sunayen yaran da har yanzu ba su iya karatu ba. Idan ya ba aji aiki, sai ya zaga zuwa wurin ɗaya daga cikinsu, ya durƙusa a gefen benci, ya kama ɗan yatsan yaron ya ɗora a ƙarƙashin kalma. Ba ya faɗa masa kalmar. Yakan ce, “To ɗana, wannan wane baƙi ne? Sake dubawa, ba sauri muke yi ba.” Sai ya yi shiru yana jira, ko da kuwa bayan ajin ya kaure da surutu. Ranar da yaron ya karanta layi guda daga farko har ƙarshe ba tare da an taya shi ba, a gabansa Malam zai ciro littafin nan ya soke sunansa, ya nuna masa. Wanda bai ga fuskar yaro a wannan lokacin ba bai san abin da ake kira murna ba.

Gyaran littattafansa ma haka yake. Jan bironsa ba ya tsayawa ga buga kuskure. A gefen kowace kalmar da aka rubuta ba daidai ba sai ya rubuta daidai ɗinta da ƙananan baƙaƙe masu kyau, don yaro ya ga abin da ake nema daga gare shi. Aiki irin wannan ba ya ƙarewa a makaranta. Ɗaure littattafan yake yi ya kai gida, bayan an yi shirin kwanciya ya zauna da su, 'ya'yansa na kewaye da shi suna nasu aikin gidan. Babbar 'yarsa ta taɓa gaya mini cewa sun haddace sunayen yaran da ba su taɓa gani ba, sun san wanda rubutunsa ya gyaru da wanda ya daina zuwa, domin mahaifinsu yakan ambace su yana gyara. Uwargidansa kuwa ta san ranar da ya kamata albashi ya shigo, ta san ranar da yake shigowa, kuma ita ce ke jan abin da ke hannu har ya kai tsakanin ranakun biyu. Ba ta taɓa tsayawa gaban allo ba, amma babu yaron da ya iya karatu a ajin nan da ba ta da kaso a cikin iyawarsa.

Addininsa kuma ba a bakinsa ake jin sa ba. Ba ya mayar da darasin lissafi wa'azi. A rajistar aji da takardar sakamako ake ganin tsoron Allahnsa. Ba ya barin aji kafin a kaɗa ƙararrawa, domin a wurinsa mintunan nan an riga an saye su, na yara ne. Wata rana wani uba mai hali ya same shi a kan ɗansa da ya faɗi jarrabawa, ya ce, “Malam, a taimaka, maki kaɗan ne ya rage masa.” Malam ya amsa a hankali, “Ranka ya daɗe, makin ba nawa ba ne balle in bayar. Amma ka riƙa barin sa bayan an tashi, zan zauna da shi har ya gane.” Ya kuwa zauna da shi, bai karɓi ko sisi ba.

Mun saba lissafa halayen nan uku kamar abubuwa dabam-dabam da suka yi katarin haɗuwa a jikin mutum ɗaya. Ni ban gan su haka ba. Amana ce guda ɗaya take fita ta ƙofofi uku. A hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, Annabi (SAW) ya ce kowannenmu makiyayi ne, kuma za a tambayi kowa game da abin da aka ba shi kiwo. Mutumin da ya ɗauki wannan da gaske ba zai iya zama mai tausayin 'ya'yansa da dare ya wayi gari yana wofintar da 'ya'yan wasu ba. Haka kuma ba zai yarda a yabe shi a makaranta alhali gidansa na kuka da shi ba, tunda an ce mafi alherin mutane shi ne wanda ya fi alheri ga iyalinsa. Malamin Kirista mai riƙo da addininsa da gaske ma a kan wannan turbar za ka same shi, kuma na ga irinsu.

Wani zai ce ai labarin mutum ɗaya ne wannan, daga bakin wanda ke ƙaunarsa. To akwai abin da aka auna. A shekarar 2014 wasu masana tattalin arziki uku a Amurka, Raj Chetty da John Friedman da Jonah Rockoff, sun wallafa bincike a kan yara fiye da miliyan ɗaya. Sun ɗauki bayanan makarantar yaran suka haɗa da bayanan harajinsu bayan sun girma, don su ga ko malamin da yaro ya samu yana ƙarami yana bin sa har girma. Sun tarar yana bin sa. Yaran da suka faɗa hannun malamai masu ƙwazo sun fi samun shiga jami'a, sun fi samun kuɗin shiga, kuma haihuwa tun ana ƙuruciya ta fi ƙaranci a cikinsu. Sun ƙiyasta cewa idan aka ɗauke malami daga cikin kashi 5 cikin 100 mafi rauni aka sa matsakaici kawai a gurbinsa, abin da yaran aji ɗaya za su samu a tsawon rayuwarsu zai ƙaru da kimanin dala 250,000. Da sakamakon jarrabawa suka auna ƙwazon malami, don haka abin da ke ƙirguwa kaɗai suka kama. Babu ma'aunin da zai kama abin da yaron nan ya koya ranar da ya ji an ƙi sayar wa mahaifinsa da maki.

A 2022 kuma Bankin Duniya da UNESCO da UNICEF (hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya masu kula da ilimi da yara) da wasu abokan aikinsu sun ƙiyasta cewa a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi, kashi 70 cikin 100 na yara masu shekara 10 ba sa iya karanta ɗan gajeren rubutu su fahimce shi. Kafin annobar korona adadin kashi 57 ne, wato dama can ba lafiya ba. Yaron da ya wuce wannan shekarun bai iya karatu ba, duk darasin da zai biyo baya a bayan ƙofa yake jin sa, domin tarihi da kimiyya da lissafin kansa a rubuce suke zuwa. Saboda haka mutumin da ke durƙushe a gefen benci da ɗan littafi a aljihu, a daidai inda duniyar ilimi ta fi tsagewa yake tsaye, ko da shi bai taɓa karanta rahoton kowa ba.

Akwai wani labari da nake so ƙwarai. Albert Camus, marubucin da aka haifa a Aljeriya a 1913, maraya ne. Mahaifinsa ya mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya yana jinjiri, mahaifiyarsa ba ta iya karatu ba, aikatau take yi. Malaminsa na firamare, Louis Germain, shi ya ga abin da ke kan yaron, ya riƙa yi masa ƙarin darasi, ya je har gida ya shawo kan kakarsa ta bar shi ya zauna jarrabawar neman tallafin shiga sakandare maimakon a tura shi neman kuɗi. A 1957 Camus ya ci kyautar Nobel ta adabi, kuma a watan Nuwamban shekarar ya zauna ya rubuta wa tsohon malamin nan wasiƙa, yana gaya masa cewa bayan mahaifiyarsa shi ne ya fara faɗo masa a rai, kuma ba don hannun da ya miƙa masa ba da babu abin da zai faru. Abin da ya fi taɓa ni a labarin shi ne lokacin da aka aika wasiƙar. Malamin yana da rai, ya karanta da idonsa, ya mayar da amsa. A farkon 1960 Camus ya mutu a haɗarin mota, malamin ne ya rayu bayansa. Da ya ce bari sai wata rana, da wasiƙar ba ta taɓa zuwa ba.

Yanzu ga inda nake da ja da yadda muke yabon malamai. Kowa ya san kwatancen nan da ake yi, wai malami kyandir ne, yana ƙona kansa don ya haskaka wa wasu. Ana faɗinsa a taron bankwana, ana faɗinsa a ranar rasuwa, mutane na gyaɗa kai. Ni kuwa duk lokacin da na ji shi sai raina ya ɓaci, domin kyandir ba shi da mata, ba shi da 'ya'yan da za a koro daga makaranta saboda kuɗi, ba ya rashin lafiya ya rasa abin zuwa asibiti. Malami yana da duk waɗannan. Idan ya ƙone, da su yake ƙonewa. Kwatancen yana sa mu ɗauki ƙonewar a matsayin ɗabi'ar aikin, alhali shawara ce da mutane suka yanke a wurin tsara kasafin kuɗi, kuma mutane za su iya sake ta.

Mafi ciwo shi ne yadda ake juya imanin malami ya zama makami a kansa. Da ya buɗe baki a kan albashi ko ƙarin girman da aka riƙe masa shekaru, sai a ce masa ya yi haƙuri, ladan malami yana lahira. Ba a faɗa wa ɗan kwangila haka, ba a faɗa wa mai riƙe da muƙami haka. Mai tsoron Allah ake faɗa wa, saboda an san ba zai bar yara ya tafi ba, ba zai sayar da maki ya cike gibin ba. Wato kirkinsa ne ya sa aka samu damar tauye shi. Addini kuwa bai yarda da wannan ba. A hadisin da Ibn Majah ya ruwaito an ce a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe. A Linjila an ce ma'aikaci ya cancanci haƙƙinsa. A tarihin Musulunci ma, bayan yaƙin Badar a shekara ta 2 bayan hijira, an ruwaito cewa fursunonin da suka iya rubutu amma ba su da abin fansar kansu, an ce kowannensu ya koya wa yara goma na Madina rubutu a sake shi. Koyar da yara goma ya tsaya a madadin fansar ran mutum. Al'ummar da ta ba aikin wannan daraja ba za ta ce wa mai yin sa ya jira lahira ba. Ladan lahira tsakanin bawa ne da Ubangijinsa, babu hukumar da ke da ikon cire shi daga cikin bashin da ake bin ta.

Duniya ma ta san wannan, ta kuma rubuta shi tun tuni. Ranar 5 ga Oktoba, 1966, a birnin Paris, aka amince da wata takardar shawarwari ta UNESCO da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya a kan matsayin malamai. Don tunawa da ita ne ake bikin Ranar Malamai ta Duniya kowace 5 ga Oktoba tun daga 1994. Takardar ta ce albashin malami ya zama bai gaza na sauran ayyukan da ke buƙatar irin karatunsa ba, kuma ya ishe shi rayuwa mai mutunci shi da iyalinsa. Ta ambaci iyali ƙarara. Ta kuma lissafa kariyar da ya kamata ya samu, har da kula da lafiya, da kuɗin tsufa, da haƙƙin waɗanda ya bari idan ya rasu. Shawara ce, ba doka ba ce da ke ɗaure kowace ƙasa, shi ya sa a wurare da yawa bikin ake riƙewa a ajiye takardar.

Sakamakon ajiyewar muna ganinsa. Rahoton UNESCO na 2024 a kan malamai ya ce duniya na buƙatar ƙarin malaman firamare da sakandare miliyan 44 kafin 2030, miliyan 15 daga ciki a Afirka kudu da Sahara. Rahoton ya nuna cewa yawan malaman firamare da ke barin aiki a shekara ya kusa ninkawa tsakanin 2015 da 2022, daga ƙasa da kashi 5 zuwa kimanin kashi 9 cikin 100. Kada a ce matsalar matalauta ce kaɗai. A binciken da ƙungiyar OECD ta ƙasashe masu ƙarfin tattalin arziki ta yi a 2018, kusan malami ɗaya cikin huɗu ne kawai ya ce yana jin al'umma na ganin darajar aikinsa. Matasa ba makafi ba ne. Suna jin yabon da ake yi wa malami ranar da ya rasu, suna kuma ganin yadda ya rayu, kuma gani ya kori ji. Abin da ya fi sa ni baƙin ciki shi ne yadda malamai na kirki da kansu ke ce wa 'ya'yansu su nemi wani aikin. Mutum ya ba koyarwa ransa, ya so ta har zuciya, amma ba zai so wa ɗansa ita ba. Babu hukuncin da ya kai wannan nauyi a kan yadda muka riƙe su.

Ina maganar malami namiji ne saboda shi na sani kusa, amma a duniya kusan biyu cikin uku na malaman firamare mata ne, kuma su nauyin gida da na aji a kai ɗaya yake sauka, ba tare da wata uwargida da za ta taya su ja ba.

Na san abin da za a ce mini. Ba kowane malami ne haka ba. Akwai wanda ke sa hannu a rajista ya fice harkarsa, akwai mai dukan da ya wuce tarbiyya, akwai wanda ya shigo aikin don bai samu wani ba, yara kuma na biyan kuɗin rashin sonsa. Gaskiya ne, kuma wanda ya ƙi faɗin haka ba ƙaunar malamai yake yi ba. Amma wannan ƙarin dalili ne na tunawa da nagari da kyau. Idan kalmomi ukun da muka faɗa a kan mai gaskiya su ne za mu faɗa a kan wanda bai taɓa gyara littafi ba, mun shafe bambancin da mai gaskiyar ya sha wahala a kansa. Ba cewa nake a tona asirin mamaci ba, an hore mu da ambaton alherin waɗanda suka rasu. Cewa nake idan mutum yana da abin faɗa, a faɗe shi dalla-dalla, a ce ga abin da ya yi, ga yadda ya yi shi, don sabon malami ya samu abin kwaikwayo da ya fi “mutumin kirki ne”.

Za a kuma ce kuɗi ba ya sayen sadaukarwa. Haka ne, albashi ba ya sa mutum ya durƙusa a gefen benci. Amma rashinsa yana ɗaga wanda ya durƙusa. Malamin da dole sai ya yi wata sana'ar daga tashi makaranta har dare kafin gidansa ya tsaya, yaushe zai gyara littattafai, yaushe zai zauna da yaron da ya faɗi? A nan nake tuna Peter Tabichi, malamin kimiyya da lissafi a wata makarantar karkara a yankin Nakuru na Kenya, wanda ya ci kyautar gwarzon malamin duniya ta dala miliyan 1 a 2019. An yi ta ba da labarin yadda yake bayar da kashi 80 cikin 100 na albashinsa ga mabuƙata. Abin yabo ne, Allah ya saka masa. Sai dai shi ɗan ɗariƙar Faransiskan ne ta Katolika, ya ɗauki alkawarin zama ba aure ba tara dukiya. Magidanci mai 'ya'ya ba zai iya haka ba, kuma bai kamata a nemi ya yi ba, domin abin da ke hannunsa akwai masu haƙƙi a kai. Ba za a gina makarantun duniya a kan fatan samun waliyyai miliyan 44 ba. Dole aikin ya zama wanda mutumin kirki mai iyali zai iya riƙewa har tsufa ba tare da ya zaɓa tsakanin 'ya'yansa da 'ya'yan mutane ba. Kyauta ga mutum ɗaya a shekara tana jawo hankali, amma ba ta kai ga miliyoyin da babu mai ɗaukar hotonsu.

To yaya ake tunawa da irin wannan bawan Allah? Addu'a ce farko, kuma shi ya tafi da guzuri. Hadisin da Muslim ya ruwaito ya ce idan mutum ya mutu aikinsa ya yanke sai ta hanyoyi uku: sadaka mai gudana, ko ilimin da ake amfana da shi, ko ɗa nagari da ke yi masa addu'a. Da wuya ka samu wanda ya haɗa su kamar malami mai iyali mai tsoron Allah. Duk takardar da tsohon ɗalibinsa ya karanta, da hannun Malam a ciki. Ta wannan ɓangaren ba na jin tsoro a kansa. Namu ɓangaren ne abin dubawa.

A rubuta tarihinsa. Ba sai littafi ba, shafi biyu ma sun isa, amma a tambayi matarsa da 'ya'yansa da abokan aikinsa tun suna tunawa, a rubuta yadda yake koyarwa, a ajiye a makarantar da ya yi aiki. Makarantu suna adana sunayen waɗanda suka ba da gudummawar gini, da wuya ka samu wadda ta adana dabarar malamin da ya koya wa dubban yara karatu, sai ta bi shi kabari, sabon malami ya zo ya fara daga tushe. Tsofaffin ɗalibai kuma, waɗanda a cikinsu akwai likita da alƙali da ɗan kasuwa, su tambayi halin da gidan ke ciki bayan mutane sun watse, musamman idan akwai ƙananan yara da ke karatu. Wanda ya karantar da 'ya'yan mutane, bai dace nasa su tsaya a hanya ba. Wanda kuma malaminsa ke da rai, ya neme shi yanzu, ya gaya masa abin da ya zama da kuma inda hannunsa ya shiga ciki. Tsofaffin malamai da yawa suna zaune ba su san ko abin da suka shuka ya fito ba, kuma an ce wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba.

Amma babban nauyin yana kan hukumomin da suka ɗauke shi aiki, gwamnati ce ko mai makaranta. Duk inda aka bar matar malami tana yawo ofis-ofis da takardar shaidar rasuwa a hannu, ana ce mata ta dawo gobe, ana neman ta kawo takardar ɗaukar aikin da aka rubuta tun kafin a aure ta, an ci amanar mamacin, komai daɗin jawabin da aka yi a kansa. Hukumar tana da fayil ɗinsa tun ranar da ya fara aiki, ta san shekarunsa, ta san matakin albashinsa, ta san abin da aka riƙa cirewa daga ciki. Ita ya kamata ta nemi iyalin, ba su neme ta ba. A sa wa'adi a cikin doka, wata uku ko ƙasa da haka, wanda a cikinsa za a biya magada duk abin da yake bi, har da albashi da ƙarin girman da aka riƙe masa yana raye. Idan wa'adin ya wuce ba a biya ba, jami'in da fayil ɗin ya kwana a teburinsa ya fito ya yi bayani, ƙungiyar malamai kuma ta riƙa wallafa adadin iyalan da ke jira da tsawon lokacin da kowannensu ya yi yana jira.